Ƙanin Mutuwa a Cikin Kwalba

Ni ce mai ƙirga numfashi.
Dakta Akwele ke yanka, ita ke ɗinki,
nawa aikin tsayuwa ne a bakin ƙofar da ba ta da ƙyaure,
in hana mai barci zarcewa.

Da hantsi Anti Dede ta zo daga Teshi
da karyarta, Sika, mai ƙari a mama kamar lemun tsami.
"Kin bar ta da azumi, kamar yadda muka ce?"
"Ko ƙamshin tukunya ba ta ji ba."
Allurar farko ta tona asiri:
Sika ta sunkuya, ta mayar da kan kifi da dokunu.
Anti Dede ta shiga kallon rufi.

Sai farin maganin nan mai kama da madara,
a jijiyar ƙafar gaba, sannu-sannu,
yadda ake sa gishiri a miyar surukai.
Ido ya juye ƙasa, harshe ya zama tsumma,
ƙirji ya tsaya.
Ɗaya, biyu, uku.
Fanka kaɗai ke numfashi a ɗakin.
Na matsa jakar iska, na sake matsawa,
sai a goma sha bakwai haƙarƙari ya tuna da aikinsa.
Na ɗaga leɓe: dasashi ja-ja, cikin gwaba sak.
Ban ce komai ba. Gwiwata ce ta yi hamdala.

Da la'asar muna bakin teku a La.
Kwana-Tafe, dokin Gariba,
da ke ɗaukar 'yan yawon Lahadi su yi hoto a kan 'yan sidi,
ya taka fasasshiyar kwalba, ta tsarge shi har agara.
Ina sikelin da zai ɗauki doki?
Da tef ɗin tela muka zagaye ƙirjinsa,
Dakta ta yi lissafi a bayan hannunta.

Silazin ya shiga, kai ya sauko, leɓe ya saki,
kamar dattijon da huɗuba ta yi wa tsawo.
"Kar gyangyaɗin nan ya ruɗe ki,
da ido rufe yake harbi."
Muka jira har hanci ya kusa sumbatar yashi,
sannan ta ciro ketamin
daga akwatin da makullinsa ke kwana a wuyanta,
don wasu samarin unguwa sun fi sanin sunansa da nawa.

Maza huɗu, igiya a kai, igiya a wutsiya.
Ya kwanta kamar katangar da damina ta ci gindinta.

"Idonsa a buɗe," in ji Gariba. "Yana ganina?"
Ƙwayar idon na rawa, dama, hagu,
kamar mai karanta wasiƙar da ba a rubuta mana ba.
Na rufe ta da tawul, na cusa auduga a kunne.
Minti ashirin aka ara mana.
Teku na ta surutunsa, ba ruwansa.

Ba kwantarwa ce wuya ba, tashi ne.
Kare na farkawa da makyarkyata da ɗan kuka,
bargo ya ishe shi.
Doki kuwa zuciyarsa kan riga ƙafafunsa farkawa,
ya ce gudu, su ce ba mu iso ba,
a nan ƙashi ke karyewa.
Gariba ya durƙusa a kan wuyansa
yana raɗa masa kirarin da ba na kasuwa ba,
har ya zauna, ya yi tunani, ya miƙe,
yana tangaɗi kamar toroto a hanyar da ruwa ya ɓata.
Ya saki fitsari mai tsawo.
Gariba ya yi dariya har ya goge ido da hula.

Dare a Nima.
Inna ta shinshina ni tun daga zaure:
"Kin taɓa kare. Sau bakwai, ɗaya da ƙasa."
Na wanke, ban yi gardama ba.
Ta juya kan tabarma, rediyo na magana shi kaɗai,
barci ya ɗauke ta ba allura, ba lissafi.

Na zauna da tuwona yana hucewa.
Sai na tsinci kaina ina kallon zanenta
yana hawa, yana sauka,
leɓena na motsi:
goma sha uku, goma sha huɗu.