Tukunyar Otal a Asawase

Bayan otal, ɗakin wankin zannuwan gado,
Mutari ya durƙusa gaban tukunyar gas.
Ya ce, dubi harshen wutar nan,
in ya yi ɗorawa, iska ta gaza,
sai kunkunniya da asara.
Ya murɗa noti. Wuta ta koma shuɗiya.

Tsohuwar tukunya sama take kora tururi,
zafin da aka saya da sidi ya bi hayaƙi.
Wannan kuwa marowaciya ce,
takan tare tururin, ta sanyaya shi,
ta ƙwace ɗuminsa tukuna.

Ragowar na ɗiga a bokiti.
Na dangwala, na lasa.
Tsami.
Mutari ya make mini hannu:
yaro, gumin wuta ba na sha ba ne.