Ni da Tsohon Cikin Tele

Zafin Yamai ya kai inda kare ke ƙyale baƙo.
Na jingine kurata bakin shagon Zabairu a Wadata,
buhu huɗu, garin katako ya jiƙe,
ƙanƙarata tana zuba ɗigo-ɗigo,
kowane ɗigo dala.

Cikin tele kuwa ga ƙasar da ƙanƙara ba ta da mai ita.
Sun gina mata kwalbati, lanƙwasa kan lanƙwasa kamar hanjin rago,
mutum ya kwanta rigingine bisa ɗan faranti mai ƙafar ƙarfe
ya saki kansa.
Sumana ya ce, "Gawa ce ke gaggawar kushewa."
Aka kwashe da dariya. Ni lissafi nake:
a ba ni kwalbatin nan yini ɗaya cikin azumi,
in sake kwanon ɗakina, in biya bashin Hajo.

Sai aka nuno wani kafin ya sa hular kwano.
Furfura.

Ɗan Zabairu mai zuwa lakwal ya juya mana zancen:
shekara arba'in da bakwai,
zinariya uku a gida,
ƙusa biyu cikin kafaɗa, gwiwa ɗinkakkiya.
Waɗanda zai kara da su yau
ba a yanke musu cibi ba ranar da ya fara.
An ce ya bari. Ya ce sai ya ƙara ɗaya.

Dariyar ta maƙale mini a wuya.

Shekara ashirin da shida ina tura abin da ke narkewa.
Na san ƙanƙara: ƙuna take kamar garwashi,
ba ta riƙe sawun kowa,
ba ta san wanda ya daɗe da ita ba.
Yara masu babur sun riga ni gidajen da nake kai wa,
su tsaya su ce, "Baba, a huta mana."
Hutun jaki da kaya a ka.

Tsohon ya shafa ta da tafin hannu,
yadda nake shafa tawa in ji ko za ta kai la'asar.
Ya ja numfashi. Ya faɗa.
Kwana ta fari, ta biyu,
kansa bai ɗago ba, ƙafafunsa kawai ke magana.
Yaron ya miƙe: "Yana gaba! Wallahi yana ga..."

Aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi juyi uku ta mutu.
Sumana ya zaro waya zai duba ƙarshen.
Na ce bar shi, kada ka faɗa mini.
In wuta ta tafi, firigo ya yi shiru,
in firigo ya yi shiru, sunana ake kira.

Na kama hannun kura.
A gangaren da ke sauka wajen kogi,
na waiga, babu wanda ya san ni,
na ɗora ƙafa biyu bisa ƙarfen baya,
na saki.