Kwat ɗin Aro

Shekara arba'in Anselmo yana jan taru
a ruwan Madeira, ƙirji a buɗe,
teku ba ta taɓa tambayarsa riga ba.

Bana 'yarsa Graça ta biya masa jirgin shaƙatawa,
bene goma sha biyu a bisa ruwa.
Daren liyafar kyaftin, ƙarfe bakwai,
mai tsaron ƙofa ya tare shi da murmushi:
"Yallaɓai, sai da kwat da laktaye."

Aka ciro ta aro daga kabad,
baƙa wuluk, da ƙanshin turaren wani.
Kayan aro dai ba ya rufe katara:
hannunta ya gaza,
tabon ƙugiya ya leƙo fili.

Ya zauna a ɗarare.
Cokula uku, wuƙaƙe biyu,
bai san wadda zai fara ɗauka ba.
Sai ga kifi, yanki bai fi yatsa biyu ba,
ɗan ganye a ka, tsakiyar faranti.
Ya gane shi. Irinsa yake kyautar wa maƙwabta.

Ya sassauta wuya, ya raɗa wa Graça:
"Shi kuma wa ya bar shi ya shigo tsirara?"