Ɗaki Na Sha Huɗu

Ƙarfe uku na dare a Grimsby,
iskar teku na bugun taga kamar mai bin bashi.
A takardar magani an sa hannu:
Doreen ta sha ƙwayarta.
Ga su nan a aljihun tebur, farare sol,
na dare huɗu.

Na san hannun.
Na Tendai ne, mai ɗauko ni a mota in ruwa ya tsuge,
wadda ta koya mini juya tsoho ba tare da ya yi ƙara ba.
Mu biyu rak, tsofaffi talatin da ɗaya.
Manaja ya ce babu kuɗin ƙara mutum.

Inna takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Na ji, Inna.
Amma in na rufa wa wannan asiri,
bargon wa na yaye?
Bizata na ɗaure da gidan nan
kamar akuya a turke,
kuɗin makarantar Sagir na jiran ƙarshen wata.

Doreen ta farka, ta kira ni Margaret,
'yarta da ba ta zuwa.
Na amsa.
Hannunta na rawa kamar mazari.

Na shiga bayan gida da waya, na kulle ƙofa.
Na faɗi lambar ɗaki, na faɗi sunan manaja.
Da aka tambayi wanda ya sa hannu,
sai da na haɗiyi yawu sau biyu.

Da asuba Tendai ta miƙo mini shayi,
sukari cokali biyu, yadda nake so.
Na karɓa.
Ya ƙona mini harshe.