Awo Na Biyu

Ranar Talata nake shiga lungun,
can bayan Gama, inda kwata ta raba hanya biyu.
Mai adaidaita ya ce nan ƙafarsa ta tsaya,
na rataya jaka, na ƙarasa da tawa.

Ƙofar langa-langa ce, ba sakata.
Sallama uku kafin tari ya amsa,
sannan murya ta biyo baya:
"Barira ce? Shigo, ɗakin bai cika ba."
Kullum haka yake cewa.
Ɗakin bai taɓa cika ba.

Baba Nomau,
shekara ashirin da shida a masaƙar Bompai,
har yau yatsunsa na laluben zare a jikin bargo.
Inji ya yi shiru, aka garƙama wa ƙofa kwaɗo.
Mai ɗakinsa ta riga shi, azumi huɗu ke nan.
Ɗansa na Fatakwal,
in ta samu ya turo kuɗi,
in ba ta samu ba ya turo gaisuwa.

Rediyo ba batir.
Kokon da 'yar maƙwabta ta ajiye tun hantsi
ya huce, ko ludayi bai shiga ba.

Na wanke gyambon da suga ya hana warkewa,
ya cije leɓe, ya ce ba zafi.
Na ƙirga ƙwayoyi a tafin hannu:
biyar sun tafi, biyu na nan.
"Ta Juma'a da ta Asabar kama suke yi," in ji shi,
"ranakun ma haka."

Na naɗa masa abin awo a damtse,
na matsa, iska ta riƙe shi.
Ɗari da sittin bisa casa'in.
Na rubuta.

"Sake," ya ce. "Ban yarda da na farko ba."

Watannin baya na yi ta musu,
na ce na'ura ba ta da son kai,
ga gida shida na jirana,
ga Goggo Tasalla a Tudun Murtala
da yanar ido da tukunyar da ba mai sauke mata.
Sai ran nan na lura:
idan iskar ta kama shi, lumshe ido yake yi.
Mako guda cur,
babu abin da ke riƙe wannan hannu
sai ƙyallen nan da yatsuna biyu.

To, na sake.
A hankali nake matsawa yanzu,
kamar mai tatsar akuyar aro.
Shi kuma ya ɗauko labarin wata atamfa,
shuɗiya mai zanen tsuntsu,
wadda ya ce shi ya saƙa farinta
kafin matan Kano su yi rububinta da sallah.
Na ji shi sau tara.
Tsuntsun kan canja launi, ban taɓa gyara masa ba.

Ɗari da hamsin.
Takardar ofis ba ta da gurbin awo na biyu,
a gefe nake maƙala shi, da ƙananan baƙi.

La'asar ta kawo jiki. Na zuge jaka.
"Ki ja ƙofar," ya ce,
"amma kar ki rufe duka."