Taku Arba'in Daga Dutse

Kakata Gwamma ta bar mini abu biyu:
ƙwarya mai ɗinki a gindi,
da maganar da take maimaitawa in dare ya yi tsawo:
"Nomau yana Jos. Kuza ta kira shi, ba ta sallame shi ba."

Ban san fuskarsa ba. An ce kunnuwana nasa ne.
Da kunnuwan nan na sauka a Bukuru,
ruwan Agusta yana dukan kwanon rufi,
sanyi yana neman ƙashina kamar mai bin bashi.

A ɗakin tsofaffin takardun kamfani
Malam Dalyop ya hura ƙura daga bangon littafi,
ya lashi yatsa, ya bi layi-layi.
Leburori ɗari bakwai a shekara guda,
kowa da lamba, kamar buhunan gyaɗa.
Ga shi nan: ɗari huɗu da goma sha bakwai.
Bature ya rubuta "Nomo", ya haɗiye ƙarshen sunan,
ya ce ciwon haƙarƙari, ya ce ranar Laraba,
ya ce an biya sule biyu kuɗin likkafani.
Gurbin da aka tanadar wa wurin binnewa
gara ta riga ni karantawa.

Na ce, "Shi ke nan?"
Ya ce, "Takarda ta gaji. Je ka tambayi masu haƙa."

Ilu ɗan Maishebur, a Gyel, ya haura tamanin.
Ya jawo gafaka daga ƙarƙashin gado.
Ubansa ba ya rubuta suna sai ya wanke hannu,
ajami sirara, tawada ta koma launin ƙasa:
Bagobiri mai tsage, baƙo, ba dangi,
taku arba'in daga dutse mai kama da turmi,
gabas da itacen turare.

Muka je.
Dutsen an fasa shi tun tuni, ya zama tsakuwar ginin wani.
Itacen turare ya shiga murhu.
Daga ina ake fara ƙirga taku
in mafarin da kansa ya yi ƙaura?
Na tsaya riƙe da littafi da biro
kamar wanda ya zo biki bayan an share wuri.
Can gefe tafkin kuza, kore shar, bai ce komai ba,
shi ma rami ne da kakana ya haƙa wa wasu.

Sai wata tsohuwa ta ɗago daga kunyar dankali,
Ngo Kachollom, laka har gwiwa.
Ta dubi Ilu, ta dube ni, ta daɗe a kunnuwana.
Ta ce, "Biyo ni."

A tsakiyar gonarta akwai wani tsiri
da fartanya ba ta taɓa shiga ba,
kerana ta kewaye shi, ciyawa ta yi tsawo,
fasassun tukwane sun leƙo daga ƙasa.
"Babana ya ce baƙi suna barci a nan.
Ba mu san sunansu ba, ba addininmu ɗaya ba.
Shekara sittin ina noma, ina kauce musu."

Na ƙirga tudun da ido: tara, ko goma sha ɗaya,
ruwan sama ya haɗe kafaɗunsu.
Wanne ne nawa?
Ilu ya ce, "Ƙasa ba ta ajiye lamba."

Na cire takalmi. Na yi sallama ga dukansu.
Na kira Nomau da cikakken sunansa,
har da wasalin da Bature ya haɗiye,
na ce masa Gwamma ta jira, ba ta yi fushi ba,
na ce masa ɗan da ya bari a ciki ya haifi bakwai.
Fatihar da na kawo wa mutum ɗaya
na raba ta, ta kuma ishe su.

Da zan tafi ta cika mini leda da dankali,
ta ƙi karɓar ko sisi.
A mota na buɗe littafin zuriyarmu,
wurin da na bar fili shekara uku,
na rubuta: Yana Gyel, cikin 'yan'uwansa.
Ƙarƙashinsa, inda babu layin da aka ja mata,
na ƙara sunan Kachollom.