Dalmar Kakata

A tsibirin Jeju, inda duwatsu baƙi ƙirin
suke da huji-huji kamar saƙar zuma,
kakata Bu Mal-sun ta shekara sittin tana shiga teku,
ba tulun iska, ba igiya,
sai numfashi guda da ta ɗauka a bakin ruwa.

Ina 'yar shekara tara na tambaye ta:
"Kaka, allurarki da ta faɗa randa ta tafi ƙasa.
Ga jirgin Mokpo, ƙarfe ne daga hanci har wutsiya,
da motoci a cikinsa, da mutum ɗari biyar,
me ya hana shi bin allura?"

Ba ta tanka ba. Ta tsinko lemu biyu a bayan gida,
ta ɓare ɗaya, ta bar ɗaya da rigarsa,
ta jefa su cikin bokiti.
Mai riga ya zauna a sama yana lilo.
Ɓararren ya gangara ƙasa shiru, kamar an kira shi.

"Wanne ya fi nauyi?"
Na ce mai riga.
"To kin gani. Ruwa ba nauyinki kaɗai yake tambaya ba,
har da wurin da kika ci masa.
Kin ture masa kwano guda, ya tallafe ki da nauyin kwano guda,
ba ƙari, ba ragi, ba ya ba da bashi.
Jirgi ya buɗe ciki, ya ture ruwa mai yawa.
Allura ta tsuke jikinta, wa zai ɗauke ta?"

Ran da za ta jiƙa waken suya a manyan tuluna
takan saka ɗanyen ƙwai a ruwan gishiri.
In ya kwanta a gindi, ta ƙara gishiri,
ta ƙara, ta dama, ta ƙara,
har ya leƙo da ƙeya kamar faɗin kwabo.
"Ruwan da ya ci gishiri ya fi ƙarfin kafaɗa," in ji ta.

Ita kuwa, teku ba ya son karɓarta.
Rigar robarta cike take da ƙananan ɗakunan iska,
huhunta cike, gorar da take rataya raga tana jira a sama.
Sai ta ɗaura dalma a ƙugu, ƙulli bakwai,
ta sayi nutsewa da nauyi
kamar yadda wasu ke sayen tsira.

Ta ce akwai wani wuri, gaba shida ko bakwai a ƙasa,
inda ruwa ke matse ƙirji har ya ƙanƙance,
riga ta lafe, iskar ta tsuke,
hannun da ke tura ki sama ya saki.
Daga nan ba kya iyo, faɗuwa kike,
a hankali, cikin daɗi,
kuma kumba mafi girma kullum tana ɗan gaba kaɗan.

Can ƙanwarta Ok-hwa ta wuce.
Kwana huɗu suna zaune a kan duwatsu
kafin teku ya dawo da ita da kansa,
fuska ƙasa, gashi a baje.
Wannan ban tambayi dalilinsa ba.
Daga baya na karanta a littafi: iska ce ke taruwa a jiki.
Kaka ta ce ita ma ta sani,
ba shi ne abin da take tambaya ba.

Bara ta daina shiga ruwa.
Na ɗauke ta zuwa wanka, ba ta kai buhun lemu ba.
Na sa ta a baho, ƙafafunta suka taso da kansu,
ta yi dariya, ta yi fiton nan na masu fitowa daga zurfi,
dogo, siriri, kamar kukan tsuntsu.

Dalmar na rataye a ƙusa bayan ƙofa.
Jiya na gwada ɗaga ta da hannu ɗaya.
Ƙusar ta fara lanƙwasa.